Taswirar waya a hanyoyin karkarar Kano: Inda take kai direba da inda take yashe shi

Da zarar an shiga kaka, hanyoyin ƙauyukan arewacin Kano sukan cika da baƙin motoci. Kanta da J5 da manyan daf suna shiga lungu-lungu na Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bichi da Tsanyawa, suna kwaso gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi zuwa kasuwar Dawanau. Da yawa daga cikin direbobin ba su taɓa zuwa ƙauyen da aka tura su ba. Abin da ke hannunsu bai wuce lambar wayar dillali da kwatancen baki ba: a sauka daga kwalta bayan makarantar firamare, a miƙe har gindin wata kuka, sannan a karya hagu.

To amma a wannan yanki kusan kowane ƙauye yana da firamarensa, kuka kuwa ba ta ƙirguwa. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya yi nazari a kan karkarar da ke kewaye da Kano, ya nuna irin cunkoson jama'arta da yadda ake noma kusan kowane taƙi na ƙasarta duk shekara. Gona na manne da gona, gida na hango gida, hanyoyi sun sarƙe kamar saƙar gizo. Ɓata a nan ba irin ɓatan daji ba ne da mutum zai rasa wanda zai tambaya. Masu nuna hanya ne suke yi masa yawa, kowa da tasa.

A da, ɓatan hanya asarar lokaci ne kawai. Yanzu asarar kuɗi ce mai zafi. Kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Man gas da manyan motoci ke sha ma ya riga fetur tashi. Direban da ya yi kewayen kilomita 30 a banza, daga cikin abin da zai kai gida ya cire. Idan kuma ɓatan ya ja shi har duhu ya yi, sai tambaya ta biyu ta taso, wadda ta fi ta farko nauyi: ina za a kwana da mota da kayan mutane?

Masu yawo da gida a mota, da namu na nan

A Turai da Amurka akwai masu mayar da mota ɗaki. Sukan saka gado da murhu da tankin ruwa a cikin bas, su yi makonni suna yawon buɗe ido, duk inda dare ya yi musu nan ne gida. Saboda su aka ƙirƙiro manhajoji na musamman. Park4night, wadda aka fara a Faransa, tana nuna wuraren da za a iya ajiye mota a kwana, tare da sharhin waɗanda suka kwana a wurin. iOverlander kuma ta masu tsallaka ƙasashe ce, matafiya ne da kansu ke saka bayanin inda suka sami ruwa ko makaniki ko wurin kwana, da halin da suka tarar a kan iyaka.

Kano ta san irin waɗannan matafiya. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da hanyar Sahara ke biyuwa, Turawa sukan taso daga Aljeriya su biyo ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su sauka a Kano, da yawansu a masaukin masu yawon buɗe ido da ke kan titin Bompai. Rashin tsaro a Sahara da Sahel ya kashe wannan zirga-zirga, shi ya sa wanda ya buɗe irin waɗannan manhajoji a Ɗambatta ko Bichi ba zai tarar da abin kirki ba. Manhajar da jama'a ke ciyarwa da bayani, idan babu masu ciyar da ita, fanko ce.

Sai dai masu kwana a mota ba su ƙare a ƙasar Hausa ba, ba dai don nishaɗi suke yi ba. Direban tirela yana da shimfiɗarsa a bayan kujera, yaron mota yana da tabarmarsa a ƙarƙashin bodi, akwai risho da tukunya da jarkar ruwa a akwatin gefe. Haka masu yawo da injin sussuka ko tarakta daga ƙauye zuwa ƙauye, da masu haƙar rijiyar burtsatse, da falken da ke bin kasuwannin mako, ya ci Ɗambatta ranar Lahadi ya nufi Maigatari ta Alhamis. Bukatarsu ɗaya ce da ta Baturen nan mai bas: hanya, da ruwa, da wurin kwana mai aminci.

Kakanninsu ma sun san wannan bukata. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya, da zango inda ake sauke kaya, da fatoma mai karɓar baƙi a gari. Wayar hannu ta karɓi wani ɓangare na aikin jagaba. Aikin fatoma kuwa har yanzu na mutane ne.

Sabis daban, tauraro daban

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa idan sabis ya ɗauke, taswira ta mutu. Ba haka abin yake ba. Ɗigon nan shuɗi da ke nuna inda mutum yake, ba daga turken kamfanin waya kaɗai yake zuwa ba. Daga taurarin ɗan'adam na GPS yake zuwa, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,000. Waya tana sauraron saƙonsu ne kawai, kuma idan ta kama aƙalla huɗu, ta lissafa inda take. Ba a biyan ko kwabo, ba a bukatar data. Wayoyi da yawa na yanzu ma suna haɗawa da taurarin Rasha da na Turai da na China.

Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar kanta, wato tituna da sunayen garuruwa da ake jawowa daga intanet. Idan babu su, ɗigon zai tsaya a kan farin fili, ya nuna wa mutum yana nan, amma bai gaya masa ina ne nan ɗin ba. Maganin wannan shi ne a sauke taswirar yankin tun ana cikin gari. A Google Maps, ana taɓa hoton mai wayar da ke saman allo, a shiga inda aka rubuta Offline maps, a ja akwatin ya rufe yankin da ake so, a sauke. Akwati ɗaya zai iya ɗaukar birnin Kano har Kazaure da Daura. Bayan nan, ko an kashe data manhajar za ta ci gaba da ba da kwatancen tuƙin mota, sai dai ba za ta nuna cunkoso ba, kuma taswirar takan tsufa, sai a riƙa sabunta ta.

Wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙaƙale, ya tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a duk jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga. Direbobin da suka ratsa yankin a wancan lokaci sun yi makonni babu kira, babu WhatsApp. Taswirar da aka riga aka sauke kuwa ba ta san an rufe komai ba. Ga kuma tsadar data, tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025.

Akwai wasu manhajojin da tun asali don aiki ba tare da intanet ba aka yi su, irin su Organic Maps da OsmAnd da Maps.me. Dukkansu suna ɗebo bayani ne daga OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa zai iya gyarawa kamar yadda ake gyara Wikipedia. Organic Maps ba ta da nauyi, ta dace da ƙananan Itel da Tecno waɗanda hotuna da bidiyon biki suka riga suka cinye wa wuri. OsmAnd ta fi wuyar koyo, amma tana da abubuwa biyu da direban babbar mota zai so. Ana iya gaya mata tsayin mota da nauyinta, kuma tana iya ajiye sawun duk hanyar da aka bi. Idan ɗan gari ya yi wa direba rakiya sau ɗaya zuwa wani ƙauye, sawun ya zauna a waya, baɗi ba sai an nemi ɗan rakiya ba, kuma ana iya tura shi ga wani direban.

Waze, wadda Google ya saya a 2013, ta yi suna wajen nuna cunkoso da haɗari, amma da rahoton masu amfani da ita take rayuwa, kuma sai da data. A burtalin Makoɗa ba ta da abin faɗa.

Garki ta Jigawa ko ta Abuja?

Inda taswira ta fi yaudarar Bahaushe shi ne wajen suna. Manhaja ba ta damu da ƙugiyar ɗ da ƙ ba, kuma gari ɗaya yakan fito da rubutu biyu, kamar Dambatta da Danbatta. Ga sunaye masu kama: Roni tana Jigawa kusa da Kazaure, Rano tana kudancin Kano. Garko ta Kano ce, Garki akwai ta Jigawa akwai ta Abuja. Dawakin Tofa tana arewa maso yammacin birni, Dawakin Kudu tana ɗaya ɓangaren. Balle a zo ga Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Rimi, waɗanda kusan babu ƙasar hakimin da ba ta da nata. Direban da ya rubuta suna ya danna na farkon da ya fito, bai duba jiha da nisan tafiya ba, shi ya jawo wa kansa.

Wani abin kuma, sunan ƙaramar hukuma ba lallai ya zama sunan hedikwatarta ba. Mai neman sakatariyar Makoɗa, Koguna zai nufa. Mai neman ta Gabasawa, Zakirai.

Hanyar da ta fi tsira daga wannan ruɗani ita ce a bar suna a koma ga wurin kansa. Dillalin da ke tsaye a bakin rumbu zai iya tura wa direba ainihin inda yake ta WhatsApp, direba ya taɓa, taswira ta buɗe a kai. Idan dillalin ba shi da data a lokacin, akwai lambar da Google ke kira Plus Code. Gajeren haɗin haruffa da lambobi ne da ke nuna wani ɗan fili da bai fi kimanin mita 14 a kowane gefe ba, kuma kowane wuri a duniya yana da tasa, ko da gona ce ko bakin rijiya. Ana ganin ta idan aka taɓa ɗigon shuɗin, ana iya tura ta a saƙon tes ko a karanto ta a waya. Manomin da ke sayar da amfanin gona duk shekara, in ɗansa ya rubuta masa lambar ƙofar gidansa sau ɗaya a takarda, ya huta da kwatancen kuka.

Abin da tauraro ba ya gani

Daga sama, burtali hanya ce. Ga ta nan fara sol tsakanin gonaki, ta miƙe daga wannan ƙauye zuwa wancan, har ma ta fi kwalta gajarta. Abin da hoton bai nuna ba shi ne an yi ta ne don shanu da jakai da amalanke, shingen aguwa ya matse ta dama da hagu, kuma ƙasanta rairayi ne da zai haɗiye tayar kanta mai ɗauke da buhu 100. Google Maps ba ta da tsarin babbar mota. A wurinta tirela da Golf duk mota ce. Tun 2019 ta ƙara wa Najeriya tsarin masu babur, wanda ke da amfani sosai ga ɗan acaɓa, amma direban mota da ya bar wayarsa a kan wannan tsari bisa kuskure zai tsinci kansa a hanyar da ko juyawa ba zai iya ba.

Ga kuma batun gonakin mutane. Babbar mota da ta maƙale a burtali ba ta da mafita sai ta taka shuka, kuma a yankin da kowane taƙi ke da mai shi, wannan magana ce da za ta kai gaban mai unguwa ko dagaci, a yi ƙiyasin ɓarna a biya.

Damina ta fi haɗari. Daga Yuli zuwa Satumba, musamman a Agusta, hanyar da aka bi lafiya da rani takan zama rafi. Kewayen madatsun ruwa na Tomas da Watari da Gari akwai fadamu da ƙoramu da ke cika cikin dare ɗaya, kwalbati ya karye, taswira kuwa ta ci gaba da nuna layinta shuɗi kamar babu abin da ya faru. Ko manyan tituna ba su tsira ba: a Agustan 2024 ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum na jihar Bauchi. A ƙasar Indiya kuwa, a Nuwamban shekarar, mutum uku suka mutu a jihar Uttar Pradesh bayan motarsu ta faɗo daga gadar da ambaliya ta cinye wa wani sashe, inda rahotanni suka ce taswirar waya suke bi.

Saboda haka direban da ya san aikinsa yakan raba wa kowa nasa. Kan kwalta, daga Kano zuwa Bichi ko Ɗambatta, waya ta isa. Da an zo saukowa, sai a tsaya wurin 'yan acaɓan da ke bakin mahaɗa, domin su ne suka bi hanyar da safiyar ranar. Tambayar ma akwai yadda ake yin ta. Wanda ya ce “wannan hanyar tana zuwa?” za a ce masa tana zuwa, don kuwa tana zuwa. Tambayar da ke fitar da gaskiya ita ce ko mota irin wannan, da kaya irin wannan, ta wuce ta nan a makon nan.

Ƙauyukan da ake gani a taswira ma ba daga sama suka faɗo ba. Yaƙi da cutar shan inna ya taimaka. Daga wajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen zana ƙauyuka da rugage a jihohin Arewa, ana kuma bai wa masu allurar rigakafi wayoyi masu GPS don a ga inda suka taka da inda suka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin waɗanda suka yi wannan aiki. An gano matsugunai da dama da ba sa cikin tsofaffin taswirorin hannu. A ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka, ilimin zana karkara kuma ya rage a hannun matasan da suka koyi aikin.

Ina za a kwana?

Babu wata manhaja da za ta gaya wa baƙo inda zai kwana lafiya a Kunci ko Bagwai. Abin da waya za ta iya shi ne ta nuna gidan mai ko masallaci ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ta kuma ba direba damar ajiye alama a duk wurin da ya taɓa kwana ya ji daɗi. Cikin shekara guda, wanda ke yin haka zai tara jerin zangonsa na kansa: inda akwai mai gadi, inda akwai famfo, inda mai shayi ke kaiwa dare, inda mai faci yake. Irin wannan jeri ne direbobi ke musaya a zaurukansu na WhatsApp, kuma shi ne ainihin abin da Park4night ke yi wa Turawa, sai dai namu da murya ake aika shi, da Hausa.

Idan dare ya kama mutum a cikin ƙauye, tsohuwar ƙa'ida ba ta canza ba. A yi sallama da mai unguwa, a faɗi ko wane ne da abin da ya kawo shi, a bar shi ya nuna inda za a ajiye mota. A yau wannan ya wuce ladabi kawai. Tun da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina a ƙarshen 2025, baƙuwar motar da ta tsaya a bayan gari cikin duhu ba tare da sanin kowa ba, abin zargi ce ga 'yan sa-kai, kuma ba su yi laifi ba.

A nan ne wayar ke da kaifi biyu. WhatsApp yana ba da damar a bar wani ya riƙa ganin motsin mutum kai-tsaye na minti 15 ko awa 1 ko awa 8. Ga mai mota da ke Dawanau yana jiran kayansa, ko uwargida da ke jiran maigida, wannan kwanciyar hankali ce, kuma idan wani abu ya faru an san inda za a fara nema. Amma tura irin wannan a zauren mutum 200 da ba a san rabinsu ba, ko ɗora hoton lodi da wurin kwana a Facebook, sanar da ɓarawo ne. Mutum ɗaya ko biyu da aka amince da su sun isa. Lambobin gaggawa kuma a ajiye su tun kafin a bukace su: 112 ta ƙasa baki ɗaya, 122 ta hukumar kiyaye haɗurra.

Sauran abin da ya rage na batir ne. Taswira tana shan caji fiye da yawancin manhajoji, domin allo a kunne yake, GPS na aiki. A zafin Maris da Afrilu, wayar da aka jingina a gilashin gaba takan yi zafi har ta daina karɓar caji ko ta kashe kanta, shi ya sa ya fi kyau a maƙala ta inda rana ba ta dukanta. Riƙe waya a hannu ana tuƙi laifi ne a dokar hanya, don haka a motar da ke da yaro, karatun taswira aikinsa ne, shi da ya fi maigidan nasa saurin yatsa.

Hanyoyin yankin ma suna canzawa a ƙarƙashin ƙafar mutane. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ya ratsa ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Duk inda irin wannan aiki ya bi, yakan datse tsofaffin burtaloli ya tattara masu wucewa zuwa mashigai ƙalilan, taswira kuma takan daɗe ba ta kamo canjin ba. A Google Maps akwai wurin kai rahoton hanyar da ta rufe ko wadda babu ita a zane, a OpenStreetMap kuwa duk wanda ya buɗe asusu zai iya zana hanyar da kansa, ya rubuta sunan ƙauyensu yadda mutanen ƙauyen ke faɗarsa. Ɗalibin Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Ɗambatta ko na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, da kwamfuta da data ta yini ɗaya, zai iya saka mazaɓarsu gaba ɗaya, har da kwalbatin da ke karyewa duk Agusta.